Littafi Ake Aunawa ko Asalin Mai Shi?

Masu sharhin littattafai a arewacin Najeriya suna da halaye biyu da suke nunawa idan aikin marubuci ɗan ƙaramar ƙabila ya faɗo hannunsu, kuma duka biyun zalunci ne. Na farko shi ne a haɗiye asalin marubucin ɗungurungum, a yafa masa sunan “ɗan Arewa” ko “Hausa-Fulani”, a karanta labarinsa kamar a cikin ganuwar Kano aka haife shi, ko da mutanen da ke cikin labarin ba su taɓa taka birnin ba. Na biyu kishiyar wannan ne. A nan manne wa asalin ake yi, a mai da littafin takardar shaidar ƙabila, a shiga tambayar ko marubucin ya wakilci mutanensa da kyau, ko kuma wa ya ba shi izinin taɓa labarin waɗanda ba nasa ba. Abin da ya kamata a tsaya a kai shi ne cewa asalin marubuci ba ya zama hujja a sharhi sai in littafin da kansa ya kira shi, kuma nauyin nuna shafin da ya kira shi yana wuyan mai sharhi. Wanda ya kasa nuna shafin, to ba sharhin littafi yake yi ba, tsegumin dangi yake yi.

Kafin a yi nisa, wane ne ma ɗan ƙaramar ƙabila? Amsar tana canzawa da inda mai tambaya yake tsaye. A Dandamisa da sauran garuruwan Maƙarfi da Kudan da Ikara, mafi yawan jama’a Hausawa ne Musulmi, manoman rake da masara da tumatir da barkono. Gefensu akwai Fulani a rugage, akwai kuma ƙauyukan Maguzawa da Hausawa Kirista, waɗanda yawansu ya kai har cocin Angilika ta kafa dayosis a Ikara. Bamaguje Bahaushe ne gaba da baya, ba shi da wani harshe in ba Hausa ba, kakanninsa sun yi noma a wannan ƙasa tun kafin a san sunan Najeriya, amma a duniyar adabi matsayin baƙo ake ba shi. Idan kuma aka koma Legas, Bahaushen birni mai rubutu da Turanci shi ne ɗan tsiraru, wanda ake kallo kamar jakadan wata ƙasa mai nisa. A Landan kuwa duk ɗan Najeriya wannan rigar yake sanye da ita. Ke nan ƙanƙantar ba a jinin marubuci take ba, tana ga wanda ke riƙe da alƙalamin sharhi da irin mutanen da ya saba gani a matsayin masu gida. Mai karatu na ƙasar Zazzau ya san fuskokin nan biyu, domin shi ne mai rinjaye a kasuwar garinsu, shi ne kuma bare idan jaridun Kudu suka zo maganar littattafan Arewa.

Tarihin ƙagaggun labaran Hausa ya isa ya kashe bakin mai neman tsantsar jini. A 1933 Hukumar Fassara da ke Zariya, ƙarƙashin Rupert East, ta shirya gasar da ta haifar da littattafai biyar da ake ɗauka tubalan farko: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, Ganɗoki na Bello Kagara, Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida da shi East ɗin. A duba waɗannan sunaye da kyau. Tafawa Ɓalewa ɗan ƙabilar Gerawa ne ta ƙasar Bauchi. Imam da yayansa Bello a Kagara suka tashi, zuriyarsu kuma daga Borno ta samo asali. John Tafida Kirista ne na Wusasa, garin da ’yan mishan suka koma a 1929 bayan sun bar cikin birnin Zazzau. Tun kafin su ma, a ƙarni na 19, Nana Asma’u da ƙanenta Isa, ’ya’yan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, Fulani ne da suka yi rubutu da Larabci da Fulatanci, suka kuma mayar da waƙoƙin mahaifinsu Hausa don su isa kunnen talakawa. Da an kafa shingen asali a ƙofar adabin Hausa tun farko, su wa za su rage a ciki?

Jiki Magayi ya cancanci a dakata a kansa. Labari ne na Abubakar, wanda attajiri Malam Shaihu ya ƙwace masa Zainabu da ƙarfin dukiya, da ramuwar gayyar da ta faɗa kan Kyauta, ɗan Shaihu da Zainabu. Duniyar labarin ta Hausawa Musulmi ce, da malamanta da bokayenta da al’adun aurenta, kuma wanda ya san ta har ya zana ta haka Kirista ne. Ɗalibai sun shekara da shekaru suna karanta shi a makarantu, ba a jefar da shi don addinin mai shi ba, domin Hausarsa ta zauna, labarinsa kuma ya kama zuciya. Daga baya wata rigima ta taso a kansa wadda ta nuna yadda sharhi na gaskiya yake tafiya. Cyprian Ekwensi, Ibo ne haifaffen Minna a 1921, ya fitar da An African Night’s Entertainment a 1962, sai masana suka lura cewa labarin ya yi kama ƙwarai da Jiki Magayi. A 1973 Neil Skinner ya rubuta maƙala inda ya jera littattafan biyu kafaɗa da kafaɗa, ya nuna inda na Turancin ya bi sawun na Hausar. Bai ce Ibo ba shi da hurumin ba da labarin Hausawa ba. Shafi ya ɗora a kan shafi, ya bar mai karatu ya gani da idonsa, gani kuwa ya kori ji. Haka nan ya kamata a yi wa Burning Grass, littafin Ekwensi a kan Fulani makiyaya da ya fito a wannan shekara ta 1962. In akwai inda ya kuskure wa rayuwar ruga, a nuna wurin, a faɗi yadda abin yake a zahiri. Cewa kawai “ai ba Bafulatani ba ne” bai gyara ko layi ɗaya ba, bai kuma ƙara wa mai karatu sanin komai ba.

Halin manne wa asali yana da tsohon tarihi, kuma daga hannun Turawan mulki aka gaje shi. Shi dai Rupert East ɗin nan ne ya fassara tarihin Tibi da Akiga Sai ya rubuta da harshensu, aka buga a 1939 da sunan Akiga’s Story. Ƙaramin taken da aka liƙa wa littafin ya gabatar da shi ne a matsayin ƙabilar Tibi kamar yadda ɗaya daga cikin ’ya’yanta ya gan ta. East bai fassara rubutun duka ba, ya zaɓa ya tsara, ya kuma cusa nasa bayanan a tsakani. Sai bayan fiye da shekara saba’in aka samu cikakkiyar fassara. Ba za a musa cewa East ya yi hidima ba, don da bai ɗauki aikin ba wataƙila da ya daɗe a ɓoye. Amma tsarin ya bar darasi mara kyau: Akiga, mutumin da ya yi yawon tattara bayanai daga bakin tsofaffi ya auna su da hankalinsa, ya koma mai kawo rahoto, Bature kuma ya zama mai fashin baƙi. Har yau akwai masu sharhi, baƙaƙen fata ’yan ƙasa, da suke zama a kujerar East idan littafin ɗan Tibi ko ɗan Bajju ko ɗan Tangale ya zo gabansu. Suna neman al’adu a ciki, bikin aure da binne gawa da sunayen gumaka, ba sa tambayar yadda aka gina labari, ko ina zaren ya yi rauni, ko me ya sa wani babi ya fi wani armashi.

Halin haɗiye asali kuwa, Zaynab Alkali ce ta fi shan sa. An haife ta a Tura-Wazila ta ƙasar Biu a jihar Borno, ’yar ƙabilar Bura ce. Littafinta The Stillborn ya fito a 1984, ya ci kyautar Ƙungiyar Marubuta ta Najeriya a 1985, tun daga lokacin kuma aka ɗora mata kambun macen farko daga Arewa da ta yi fice a ƙagaggen labari na Turanci. Kambun ya zo da nauyinsa. Ba wuya a ci karo da nazarin ɗalibai da ke ɗaukar littafin a matsayin madubin rayuwar matan Hausawa, alhali ƙauyen da jarumansa Li da Awa da Faku suka tashi ƙauye ne da tsohon addinin gargajiya da sabon addini da boko suke gogayya a cikin gida ɗaya, tsakanin kaka da uba da jikoki. Wanda ya shafe wannan ya shafe rabin rikicin labarin. Ya kuma ƙarfafa wata tsohuwar ƙarya da ta daɗe tana yawo a Kudu, cewa daga Kwara zuwa Yobe mutum ɗaya ne da hula ɗaya. Kama da wane ba ta wane. Jihohin Arewa 19 suna ɗauke da ɗaruruwan harsuna, kuma marubuciyar da ta fito daga ɗaya daga cikinsu ba ta zama Bahaushiya don kawai mai sharhi bai san sunan Bura ba.

Helon Habila, ɗan Tangale daga Kaltungo a jihar Gombe, ya nuna cewa marubuci ɗaya yana iya buƙatar karatu iri biyu. Ya ci kyautar Caine a 2001, littafinsa na farko, Waiting for an Angel, a Legas ta zamanin Abacha yake, Oil on Water na 2010 kuma a yankin Neja Delta. A waɗannan biyun, kawo zancen Tangale ɓata tawada ne. Amma a Measuring Time na 2007 lamarin ya bambanta, domin jarumin, Mamo, yana zaune ne a wani ƙaramin gari na Arewa, yana kuma mayar da martani ga tarihin mutanensa da wani Bature ɗan mishan ya rubuta. A nan littafin da kansa ya ɗaga tambayar wa ke da ikon rubuta tarihin ƙananan al’ummu, saboda haka mai sharhin da ya kawo asalin Habila bai yi kutse ba, amsa kira ya yi. Marubucin bai canza jini tsakanin 2007 da 2010 ba. Littattafan ne suka bambanta, su ne kuma ya kamata su yi wa mai sharhi jagora.

Shekarar 2016 ta ba da misali mai kaifi. Daga cikin littattafai uku da suka kai zagayen ƙarshe na kyautar adabi ta kamfanin NLNG, mai dala 100,000, biyu daga Arewa suke: Season of Crimson Blossoms na Abubakar Adam Ibrahim, haifaffen Jos, wanda ya lashe kyautar, da Born on a Tuesday na Elnathan John, wanda ya tashi a gidan Kirista a Kaduna ya yi karatun lauya a Jami’ar Ahmadu Bello. Na farko labarin Hajiya Binta ne, bazawara mai shekara 55 da ta faɗa soyayya da Reza, matashi shugaban ’yan daba. Na biyu labarin Ɗantala ne, almajirin da ya tashi daga Bayan Layi ya faɗa hannun malamai a Sakkwato, ya ga yadda tsattsauran ra’ayi ke tsiro. Irin waɗannan littattafai suna jawo tambayoyi biyu da kowa ya saba ji a majalisun masu karatu. Ga na gida a ce, “Kai da kake namu, don me za ka tona mana asiri?” Ga wanda ake ɗauka na waje a ce, “Me ya sani game da tsangaya?” A lura, duka tambayoyin ba su buɗe littafi ba. Ɗaya tana neman biyayya, ɗaya tana neman takardar izini. Masu sharhi na ƙetare kuma suna da tasu tambayar, wato me littafin zai koya musu game da Boko Haram, kamar dai marubucin Arewa ba shi da aiki sai yi wa baƙi bayanin labaran da suka ji a rediyo.

Akwai masu kare tambayar izinin, kuma hujjarsu ba ta banza ba ce. Suna cewa mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Wanda bai kwana a zaure da allo a ƙarƙashin kansa ba, bai yi bara da sanyin asuba ba, zai iya zana almajiri daga waje kawai, kuma zanen waje shi ne ya daɗe yana ɓata sunan al’umma. Suna ƙarawa da cewa idan littafin ya fita duniya da Turanci, baƙo ba shi da hanyar tantance gaskiya da ƙari, sai ya haɗiye duka. Wannan damuwa ce ta gaske, kuma duk wanda ya ga yadda ake zana Bahaushe a wasu littattafai da finafinan Kudu, kullum maigadi ne ko mai shayi mai karyayyen Turanci, ya san ba ƙirƙira ba ce. Sai dai maganinta yana cikin sharhin kansa. In marubuci ya kuskure wa tsarin karatun allo, ko ya sa wa malami maganar da malamin tsangaya ba zai faɗa ba, mai ɗakin ya tashi ya nuna wurin yoyon, shafi kaza, layi kaza. Wannan shi ne amfanin saninsa. In kuwa ya duba bai samu kuskure ba, to me ya rage na ƙorafin ban da sunan marubucin? Sannan in aka bi wannan ƙa’ida har ƙarshenta, namiji ba zai rubuta mace ba, ɗan birni ba zai rubuta manomi ba, Tafawa Ɓalewa kuma ba shi da ikon kai Umar har ƙetaren Sahara. Abubakar Imam ma da bai taɓa labaran Larabawa da na Turawa da ya sarrafa ya zuba a Magana Jari Ce ba.

Wasu kuma suna can ɗaya gefen. A wurinsu littafi littafi ne, a rufe ido ga asali gaba ɗaya, a auna kowa da mudu ɗaya. Maganar tana da daɗin ji, amma mudun wa? Chinua Achebe ya yi wannan faɗan tun 1974 a maƙalarsa kan sharhin ’yan mulkin mallaka, inda ya nuna cewa abin da masu sharhi na Turai suke kira ma’aunin duniya baki ɗaya, sau da yawa ɗanɗanon Turai ne aka sauya wa suna. A Amurka, lokacin da Toni Morrison ta fitar da Sula a 1973, wata mai sharhi a jaridar New York Times ta yaba mata, sannan ta ba ta shawarar cewa baiwarta ta fi ƙarfin ta tsaya kan rayuwar baƙaƙen fata kawai, kamar rayuwar tasu ba ta isa zama adabi ba. Morrison ba ta sauya hanya ba, ta kuma karɓi kyautar Nobel a 1993. A gida ma haka abin yake. So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed, ɗaya daga cikin littattafan da gasar kamfanin buga littattafai na NNPC da ke Zariya ta fitar a 1980, labarin budurwa Bafulatana ce da ta so wanda ba Bafulatani ba. Wanda ya ƙi kallon Fulatancin da ke cikinsa, da kunya da kawaici da tsoron bare da suka tsare wa masoyan hanya, don wai yana son adalci, ya karanta fanko. Rufe ido ga asali a inda littafi ya gina kansa a kai wata hanya ce ta cewa al’adar masu rinjaye ita ce al’ada, saura kuwa ƙawa ce.

Akwai hujja ta uku da ba a cika faɗa a fili ba, ana dai aikata ta. Ita ce a sassauta wa marubucin ƙaramar ƙabila, a yabe shi ko aikin bai nuna ba, don a ƙarfafa masa gwiwa. Niyyar tana da kyau, sakamakon raini ne. Mai sayen mazarƙwaila a kasuwar Maƙarfi ɗanɗanawa yake yi, in ta ƙone ya ce ta ƙone, ba ya duba ko daga gonar wa raken ya fito kafin ya faɗi gaskiya, kuma wannan gaskiyar ce ke sa mai dafawa ya gyara wuta gobe. Marubucin da aka hana shi suka an hana shi girma.

Inda abin ya fi tsanani ga masu rubutu da Hausa shi ne wajen harshe. Kalaman sanannu ne: “Hausarsa ta ’yan koyo ce”, “Hausar bariki ce”, “Hausar coci ce”, “ai ɗan yare ne”. Daidaitacciyar Hausa ta ginu ne galibi a kan karin Kano, kuma tana da amfaninta a makaranta da jarida. Amma Sakkwatanci da Katsinanci da Zazzaganci da Guddiranci duk Hausa ne, haka ma Hausar Jos da ta Kaduna da ta zangon Kumasi, waɗanda miliyoyin mutane suke rayuwa a cikinsu. A wasu sassan ƙasar Zazzau da Bauchi ba a tsananta bambanta jinsin namiji da mace a magana kamar yadda Bakano yake yi. Idan marubuci ya sa tsohuwa ’yar ƙauyen Zazzau ta yi magana yadda take yi a gidanta, edita ya bi ya goge ya mayar da ita Bakanuwa, wa ya yi kuskure a cikinsu? Aikin mai sharhi ne ya rarrabe abu uku: kuskuren da rashin iya harshe ya jawo, karin harshen da marubuci ya tashi da shi, da muryar da ya zaɓa da gangan don ta dace da mai maganar. Na farko a gyara shi ba tare da jin kunya ba, ko wane ne ya yi shi, don Bahaushen Kano ma yana karya ƙa’idar rubutu. Na biyu da na uku dukiya ce. Ɗan Maraya Jos ya yi waƙa da Hausar da ya tashi da ita a Filato har ya rasu a 2015, duk ƙasar Hausa ta saurare shi, ba wanda ya nemi ya je Kano a wanke masa baki.

Batun Maguzawa ya fi kowanne kusa da mutanen Ikara da Maƙarfi da Kudan. A barkwanci da wasan kwaikwayo da finafinai, Bamaguje yakan fito ne a matsayin abin dariya, mashayin burkutu, mai wauta a gaban malam. Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare, wanda ya fito daga gasar da Sashen Al’adu na Gwamnatin Tarayya ya shirya aka buga a 1982, yana cikin ’yan ƙalilan da suka ɗauko jaruminsu daga ƙauyen Maguzawa suka sa shi a tsakiyar labari. Amma har yanzu an fi yin magana a kan Maguzawa fiye da jin ta bakinsu. Yaran waɗannan ƙauyuka suna makarantu, suna karanta Littafi Mai Tsarki da Hausa, wanda aka kammala fassararsa tun 1932, suna rera waƙoƙin coci da Hausa, suna kuma karanta littattafan soyayya na Kano kamar kowa. Ranar da ɗayansu zai kawo labarin da jarumarsa ke zuwa coci ran Lahadi, kakanta yana riƙe da tsafin gidansu, ƙawarta kuma Musulma ce da suke tallar gyaɗa tare, a wane layi za a ajiye shi? In aka ce ba adabin Hausa ba ne, an yi ƙarya, domin ba shi da wani harshe. In aka karɓe shi a matsayin abin kallo, “ga yadda Maguzawa suke”, an maimaita abin da aka yi wa Akiga. Hanya ɗaya ce ta rage, a karanta shi yadda aka karanta Jiki Magayi, a tambaya ko labarin ya tsayu.

Ruwa ba ya tsami banza, waɗannan halaye ma suna da mafari. Ƙasar da ɗalibi ba ya samun gurbin karatu ko aikin gwamnati sai ya kawo takardar shaidar ƙaramar hukumarsa ta koya wa kowa ya fara da tambayar “ɗan ina ne?” Rikicin Kafanchan na 1987 da ya bazu har Zariya da Funtuwa, na Zangon Kataf a 1992, na Kaduna a 2000 da na Jos a 2001 sun bar tabon da ya sa suna kaɗai yana iya sa mutum ya yanke hukunci kafin ya buɗe bango. Filayen sharhi kuma sun yi ƙaranci. Muhawarar da Ibrahim Malumfashi da Ibrahim Sheme da Abdalla Uba Adamu da Yusuf Adamu suka tafka a jaridu a shekarun 1990 kan adabin kasuwar Kano ta yi zafi, amma ta tsaya a kan littattafai da ingancinsu, irin wannan fili kuwa yanzu ba shi da yawa. Marubucin da ya zaɓi harshen iyayensa, Nufanci ko Barbarci ko Fulatanci ko Tyap, ya fi kowa shan wuya, don shi ko mai zaginsa ba ya samu. A shekarun 1950 hukumar NORLA ta Zariya tana buga littattafai da jaridu da harsunan Arewa daban-daban, ba Hausa kaɗai ba. Yau da wuya a ga jaridar Hausa ta ware shafi ta gaya wa masu karatunta abin da ake rubutawa da harsunan maƙwabtansu.

Wani mafarin yana cikin jami’o’i, inda ake horar da masu sharhin gobe. A sassan nazarin harsuna da adabi na Zariya da Kano da Sakkwato, kundin ɗalibi a kan littafi yakan ware babi ko sashe na taƙaitaccen tarihin marubuci: inda aka haife shi, iyayensa, makarantun da ya yi, matansa da ’ya’yansa. Sanin wannan ba laifi ba ne, yana ma adana bayanan da za su iya salwanta. Matsalar ita ce sau da yawa babin yana tsaye shi kaɗai, ba ya haɗuwa da nazarin jigo da zubi da salo da ke biye da shi, sai ɗalibi ya fita da tunanin cewa faɗin asalin mutum wani ɓangare ne na hukunta aikinsa ko da bai bayyana komai ba. Malamin da ke duba kundi yana iya gyara wannan da tambaya ɗaya a gefen takarda: a ina wannan bayani ya taimaka wajen fahimtar littafin? Ɗalibin da ya rubuta cewa Tafawa Ɓalewa ɗan Gerawa ne sai ya koma cikin Shaihu Umar ya duba ko hakan ya bar wata alama a yadda aka zana harin bayi da raɗaɗin uwar da ta bi sawun ɗanta, ya kawo shafukan in ya samu. In bai samu ba, ya rubuta cewa bai samu ba, ya ci gaba da nazarin labarin.